Shagon Baibul na Baba a Garwa, abin da na gani bayan shekara guda ina zuwa

Salama gare ku 'yan'uwa. Tun watan jiya matan zumuntarmu suke ta tambayata wai ina na samo Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan baƙaƙen nan da nake zuwa da shi sujada, kullum sai na tsaya bakin ƙofar coci ina yi wa mutum ɗaya ɗaya kwatance, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta komai game da shagon, mai daɗi da marar daɗi, duk wadda za ta je ta je da saninta.

Kafin nan sai na ɗan faɗi yadda aka yi na zauna shekaru ba ni da Baibul, don wani zai ce ta yaya. Ni 'yar Mubi ce. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 da Boko Haram suka shiga garin mun fito da kayan jikinmu ne kawai, muka bi ta Sahuda muka tsallako Kamaru, daga Gidar wata goggona ta sa aka kawo ni Garwa. Baibul ɗin da mamata ta ba ni ranar da aka yi min baftisma yana can kan taga na bar shi, har yau ban san inda ya ƙare ba. Nan na koyi ɗinki, nan nayi aure, nan na haifi yarana biyu. A cocinmu kuwa Faransanci ake yi da Fulatanci, Fulatancin ina ji ina kuma yin ciniki da shi a kasuwa amma in aka ce in karanta sai in yi ta lalube, Faransanci kuma ban shiga lakwal ɗinsu ba, wato makarantar bokonsu, balle. To kusan shekara tara abin da nake rayuwa a kai shi ne abin da kunnena ya tsinta ranar Lahadi, da ayoyin da ake turowa a WhatsApp da safe an sa musu hoton fulawa da tattabara. A lokacin gani nake ya ishe ni.

Shagon yana ta wajen Yelwa, ɗan ɗaki ne guda jikin katangar wata majami'a, ba shi da wani babban allo, in kika hau moto kice a kai ki wajen tsoho mai sayar da Baibul yawancinsu sun san wurin. Mai shagon dattijo ne ya yi furfura, kowa Baba yake ce masa, ya taɓa zama a Yola yana saurayi shi ya sa Hausarsa ta fita sosai. Ranar farko da na shiga zare da maɓalli naje saye a kusa, sai na hango littattafai ta ƙofa nace bari in gwada sa'a. Nace Baba ina wuni, akwai na Hausa kuwa? Ya ɗago ya dube ni yace lafiya lau 'yata, akwai, wanne kike so, tsohuwar fassara ko sabuwa? Ni ban ma san akwai bambanci ba. Ya ɗauko guda biyu ya ajiye a gabana ya buɗe wuri ɗaya a kowanne yace karanta ki ji wanda ya fi shiga kunnenki. A wurinsa na fara jin cewa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Dakta Walter Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka yi wannan aikin, daga baya a 1979 aka fitar da wata fassarar da Hausarta ta fi sauƙi. Ya nuna min har sunayen littattafai sukan bambanta, a wani Yohanna a wani Yahaya, a wani Kubawar Shari'a a wani Maimaitawar Shari'a, don kar in rikice in fasto ya kira suna ban gan shi ba.

Kaya dai akwai daidai ƙarfin shagon. Na Faransanci su suka fi yawa, Louis Segond kala kala har da masu zif, sai Deftere Allah na Fulatanci, akwai na Tupuri da Mundang da wasu harsunan nan arewa. In ɗan Katolika ne ya zo Baba yakan tambaya tukuna ya ba shi nasu mai littattafai 73, namu kuma 66 ne, ba ya haɗa wa mutum abin da ba na cocinsa ba don kawai ya samu ciniki, wannan ya burge ni. Akwai littafin waƙoƙi, akwai na labaran yara masu hotuna, akwai rigar Baibul ta leda da ta yadi. Ni na fara da ƙarami a jaka bakwai na sefa, bayan wata huɗu na koma na ɗauki mai manyan baƙaƙe a jaka goma sha biyu saboda ɗinki ya fara cin idona, kuma ya yarda na biya sau uku, ya rubuta sunana a kaye ɗinsa ba tare da wata doguwar magana ba.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutun benci ne. Akwai wani dogon benci a ƙarƙashin rumfar ƙofar shagon, kowa yana iya zama ya ɗauki littafi ya karanta ko bai saya ba, ba mai ce masa tashi. 'Yan lakwal suna zuwa, masu moto suna tsayawa su sha ruwan randa su buɗe Zabura. Kuma Baba yana da wata ɗabi'a, in kika tambaye shi ma'anar aya ba zai fara ba ki amsa ba, zai ce 'yata koma farkon surar ki karanto har ƙarshe tukuna sai mu yi magana. Farko abin ya ɗan ba ni haushi don ni amsa nake so da sauri in koma kan keken ɗinkina, daga baya na gane me yake yi.

Ayar da na fara kai masa ita ce Irmiya 29:11, wadda take cewa Allah ya san shirin da yake yi mana, na alheri ne ba na masifa ba. Wannan ayar an turo min ita ya fi sau ɗari, na haddace ta, kuma a zuciyata fassararta ɗaya ce, wato kwanan nan zan koma Mubi komai ya dawo yadda yake. Da na zauna kan bencin nan na karanta tun daga aya ta 1 sai naga ashe wasiƙa ce. Irmiya ne ya rubuta daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe ya kai Babila, mutanen da aka raba da gidajensu ba da sonsu ba, suna zaune a ƙasar da ba su jin harshenta sosai. Daga aya ta 5 zuwa ta 7 aka ce musu su gina gidaje su zauna, su yi lambu su ci amfaninsa, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su su kuma yi masa addu'a domin lafiyarsa ita ce lafiyarsu. Aya ta 10 kuma tace shekara 70 za su yi. Sai bayan duk wannan ne aya ta 11 ta zo. Jama'a hawaye ne ya zubo min a wurin, mutane suna wucewa ban damu ba. Shekara tara ina cin abincin Garwa ina shan ruwan Binuwai, mijina ɗan nan ne, yarana a nan aka yanke musu cibi, amma ban taɓa durƙusawa na yi wa garin nan addu'a ba ko sau ɗaya, kullum maganata in mun koma gida in mun koma gida, ko tukunya mai kyau ba na son saye don wai kar ta yi min nauyi ranar tafiya. Ba wanda ya ɓoye min waɗannan ayoyin, suna nan aya shida kacal sama da wadda na haddace, ni ce dai ba ni da littafin a hannuna. Damina da ta wuce na dasa zogale da ɗan mangwaro a tsakar gidanmu, kuma yanzu in muna addu'ar dare da yara sai mun ambaci Garwa da unguwarmu da maƙwabtanmu Musulmi da Kirista, Mubi ma ba mu daina ambata ba.

Baba yace tunda kin karanta 29 ki ɗan koma baya ki duba 28. Can kuma labarin Hananiya ne, wani annabi da ya tsaya a gaban jama'a a Haikali yace nan da shekara biyu za a dawo da komai, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya don mutane su gani. Maganarsa ta fi daɗin ji nesa ba kusa ba, amma ba Allah ne ya aiko shi ba, a watan bakwai na wannan shekarar ya mutu. Ina karantawa sai wani abu da ya faru da ni ya faɗo min a rai, zan faɗa don na san ba ni kaɗai ba ce. Shekaru uku da suka wuce wani mutum ya zo garin nan ya yi taron kwana uku a fili, yana sayar da ƙananan kwalaben mai jaka biyar biyar wai an yi addu'a a kai, yana jawo ayoyi kamar ruwan sama. Ɗana na fari yana da zazzaɓi lokacin, na ɗauki kuɗin ɗinkin mutane na saya, kwana biyu ina shafa masa jikinsa yana ƙara zafi, sai da babansa ya dawo daga tafiya ya ɗauke shi a moto cikin dare zuwa asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi nisa, aka sa masa ruwa. Allah ya tashe shi, amma har yau in na tuna kwana biyun nan jikina yakan mutu. Da na samu Baibul na nemi maganar mai da kaina. A Yakubu 5:14 an ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji, dattawan da suka san shi ya san su, kuma babu maganar kuɗi ko ta hana zuwa wurin likita a ciki. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuwa Siman ya fito da kuɗi yana so ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya cewa baiwar Allah ba ta saye ba ce. Da na san waɗannan wurare biyun a wancan lokacin da ban tsaya a layin kwalba ba.

Kuma kar wani ya ce ai mutumin aya yake jawowa. A Matiyu sura 4 Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Yesu ya mayar masa da amsa daga Maimaitawar Shari'a. Baba ya taɓa gaya mana muna zaune cewa lambobin ayoyin nan da muke gani ba manzanni ne suka sa ba, wani mai buga littattafai ɗan Faransa Robert Estienne ne ya sa su a Sabon Alkawari a 1551 don a samu sauƙin nemo wuri. Bulus wasiƙa ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku, ba guntu guntu ya aika musu ba, kuma ba wadda za ta samu wasiƙa daga mamarta ta karanta layi ɗaya a tsakiya ta naɗe ta ce ta gane saƙon. Ko Filibiyawa 4:13 da ake rubutawa a bayan moto, in kika haɗa da aya ta 11 da 12 za ki ga maganar mutum ce da ya koyi zama da yunwa da ƙoshi, da samu da rashi.

Mijina da farko ya ɗan ji tsoro, yace Maman yara kar fa karatun nan ya sa ki fara gardama da fasto. Nace masa a'a. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, suka karɓa da murna, amma kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi a kan haka. Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni sura 8 da yake karanta Ishaya a cikin karusarsa shi ma da Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa cewa ya yi ta yaya in ba wani ya bi da shi ba, to amma littafin yana buɗe a hannunsa kafin Filibus ya iso, shi ya sa yake da tambayar da zai yi. Ni yanzu na fi jin wa'azi fiye da da, don ko an karanta da Faransanci ina bi da yatsa a nawa na Hausa, abin da ya shige min duhu in rubuta in tari fasto bayan sujada. Fastonmu ma murna yake yi, yace da ma cocinmu na Lutheran ne, kuma Martin Luther a 1522 ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci ne don talaka ya karanta da bakin da yake magana da shi a gida.

To yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don in ban faɗa ba ban yi muku adalci ba. Na Hausa ba sa zama. Daga Najeriya ake kawo masa su, in kwali ɗaya ya zo sati biyu ya ƙare, sai kuma a jira wata guda ko biyu musamman da damina in hanya ta lalace, kuma kuɗin yana hawa yana sauka da canji, wadda ta saya bayana da wata uku jaka ɗaya ta ƙara a kan nawa. Ƙaramin da na fara saya na kai gida ina cikin karatu sai naga an tsallake shafuka a cikin Ezekiyel, kusan sura huɗu babu, laifin wurin bugawa ne, Baba ya karɓa ba musu amma sai da na jira sati uku kafin wani ya zo, tun daga nan yake buɗewa ya duba a gaban mai saye, ke ma ki duba da kanki. Littafin nemo kalmomi ko na bayanin surori da Hausa babu ko ɗaya, duk na Faransanci ne, wannan yana damuna ƙwarai don wurare kamar Littafin Firistoci da Wahayi mutum yana buƙatar taimako. Ɗakin kuma zafi, a watan Maris da Afrilu ba a iya minti goma a ciki, fanka ɗaya ce kuma in kuran ya tafi shi ke nan, ga ƙura lokacin hunturu tana hawa kan littattafan har wasu bangonsu ya dushe. Yaron da yake tsare masa shago in ya fita ba ya jin Hausa kuma bai san kayan ba, na taɓa aiken ƙanwar mijina ya ba ta Sabon Alkawari kaɗai a maimakon cikakke. Sai wani kanta guda a gefe da aka jera ƙananan littattafan nan na sirrin arziki cikin kwana bakwai da makamantansu, na faɗa wa Baba a fili cewa ba su dace da shagonsa ba, yace wani ne ya ajiye a sayar masa zai mayar, zuwana na ƙarshe sun ragu amma ba su ƙare ba.

Ga waɗanda ba su iya karatu ba akwai abin da ya yi min daɗi, yana sa Sabon Alkawari na saurare a katin memori da Hausa ko Fulatanci, jaka ɗaya da rabi har da katin. Na yi wa surukata na Fulatanci na sa mata a ƙaramar rediyonta, tana tsinkar yakuwa tana ji, ranar nan ta kira ni tace 'yata ashe labarin ɗan nan da ya gudu da gādonsa akwai wansa a ciki da ya ƙi shiga gida, ita duk shekarun nan rabin labarin ta sani. Yana kuma da tabarau na karatu masu araha, ya ba ka shafi ka gwada har ka samu daidai idonka. Masu babbar waya kuma shi da kansa yake nuna musu yadda za su sauke Baibul na Hausa kyauta a YouVersion, ko da yake hakan yana rage masa ciniki. Ni dai takarda ta fi min, don in na riƙe waya saƙon kwastoma yana shigowa hankalina ya tafi.

Wadda take so ta fara, shawarar da ya ba ni ita zan ba ta, kar ki fara da Farawa kice sai kin kai Wahayi a jere, da yawa a Firistoci suke tsayawa. Ki fara da Markus, sura 16 ne kawai, sura ɗaya kowace safiya kafin ki hura wuta, daga nan Luka da Ayyukan Manzanni tunda mutum ɗaya ne ya rubuta su. Duka littafin sura 1,189 ne, mai yin uku zuwa huɗu a rana zai gama a shekara, ni ban kai haka ba, shekara guda na gama Sabon Alkawari da Zabura da Irmiya, yanzu ina cikin Farawa. Mu shida ne muke haɗuwa ranar Alhamis da yamma a shagon ɗinkina, kowa da nata harshen, ɗaya ta karanta da Hausa ɗaya da Fulatanci ɗaya da Faransanci, in muka ga kalma ta bambanta mu tsaya a kai, abin da ya gagare mu mu kai wa fasto ko matarsa.

Baba yana buɗe shagon wajen ƙarfe takwas na safe, ya rufe da sha biyu da rabi ya dawo ƙarfe uku har zuwa shida, Asabar rabin rana ne, Lahadi a rufe. Ku je da safe in kuna so ku same shi da kansa. Ana biya da kuɗi a hannu ko ta waya. Yace kwali na gaba na Hausa yana sa ran zuwansa farkon wata, masu manyan baƙaƙe guda biyar ne kawai a ciki, na riga na ba da rabin kuɗin ɗaya don zan aika wa mamata Mubi, to saura huɗu, wadda take so ta je ta sa sunanta a kaye tun yanzu.